Fashin Baƙi: Yadda Fassarar Girkanci Ta Sake wa Labaran Esta da Daniyel Kama

Me ya sa littafin Esta ya tsaya a sura 10 aya 3 a Littafi Mai Tsarkin da ɗan ECWA ko ɗan Baptis yake zuwa coci da shi, amma a na ɗan Katolika sai ka tarar da mafarki, da addu'o'i biyu, da wasiƙun sarki waɗanda babu su a na farkon? Me ya sa Daniyel a wancan sura 12 ne, a wannan kuwa 14? Duk lokacin da musun littafi 66 da littafi 73 ya tashi, a majalisa ne ko a Facebook, amsoshin da ake ji ba sa wuce uku. Wasu su ce Katolika ne suka ƙara. Wasu su ce Furotesta ne suka zabge. Maƙwabcinsu Musulmi kuma ya ce ai dama abin da muke faɗa ke nan, an taɓa littafin.

Bakin zaren ya fi duk wannan nisa. Ya faro tun kafin a san wani abu wai shi Katolika ko Furotesta, kai, tun kafin haihuwar Annabi Isa. Yahudawa ne da kansu suka yi waɗannan sauye-sauye cikin harshen Girkanci, a zamanin da suke zaune ƙarƙashin sarakunan da ba nasu ba. In mutum ya bi wuraren da aka taɓa ɗaya bayan ɗaya, zai ga ba barkatai aka yi ba. Labaran da suka fi shan sauyi su ne na Bayahude a fadar baƙon sarki.

Mece ce Fassarar Saba'in?

A shekara ta 331 kafin Miladiyya, Iskandar na Makidoniya ya kafa birnin Iskandariyya a gaɓar tekun Masar. Bayan mutuwarsa a 323, kwamandojinsa suka raba daular, Masar ta faɗa hannun Tolomi da zuriyarsa. Yahudawa suka cika birnin, sojoji da 'yan kasuwa da masu sana'a, har masanin nan Filo, wanda shi ma Bayahuden Iskandariyya ne, ya rubuta cewa cikin unguwanni biyar na birnin, biyu ana kiransu na Yahudawa. Ba a yi tsara biyu ba 'ya'yansu suka tashi da Girkanci a baki, Ibrananci ya koma harshen kakanni. Aka ga ba makawa sai an fassara Attaura.

Wani tsohon rubutu da ake kira Wasiƙar Aristiyas ya ce sarki Tolomi na biyu ne ya aika Urushalima aka turo masa dattawa 72, shida daga kowace ƙabila, suka zauna a tsibirin Faros suka gama aikin cikin kwana 72. Masana na ɗaukar labarin a matsayin ƙawa da aka yi wa abin da ya faru, amma sunan ya zauna: Seftuwajint, wato saba'in. Abin da ya tabbata shi ne littattafan Musa biyar aka fara fassarawa a ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Sauran suka biyo baya sannu a hankali cikin shekara ɗari biyu ko fiye, a hannun mutane daban-daban. Saboda haka Fassarar Saba'in ba aikin kwamiti ɗaya ba ce. Wani mafassari ya bi kalma da kalma, wani ya saki hannu.

Ko a cikin Attaura, inda aka fi taka-tsantsan, ana ganin sawun zaman baƙunta. A Fitowa 22:28, inda Ibrananci ya hana zagin Allah, Girkanci ya ce "kada ka zagi alloli", da jam'i, kuma Filo da masanin tarihi Josefus sun fahimce ta a matsayin hani ga zagin abin bautar wasu. Ga mutanen da ke kwana a tsakiyar haikalan Girkawa da Masarawa, wannan fassara ta zaman lafiya ce. A jerin dabbobin da aka haramta ci ma, mafassaran sun kauce wa sananniyar kalmar Girkanci ta zomo, wadda ta yi kama da sunan kakan gidan sarautar Tolomi, suka ɗauko wata kalma mai nufin mai gashin ƙafa. Malaman Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, sun riƙe wannan labari, sai dai su sun ce sunan matar sarki ne aka guje wa.

Me ya sa labaran fada suka fi taɓuwa?

Tun da Nebukadnezzar ya rushe Urushalima a wajen 586 kafin Miladiyya, Yahudawa suka yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu: Babila, sai Farisa bayan Sairus ya ci Babila a 539, sai Girkawa. Cikin wannan hali ne aka ƙaunaci labarai masu tsari ɗaya. Bayahude ya sami shiga a fada, mahassada suka ƙulla masa sharri, ya kai bakin mutuwa, ya tsira, ya ɗaukaka. Yusufu a Masar shi ne tushen, Daniyel a Babila da Esta a Farisa suka biyo.

Ga Bayahuden Iskandariyya da ke aiki a ofishin haraji ko a rundunar Tolomi, waɗannan ba tatsuniyoyin dā ba ne. Tambayoyinsa na yau da gobe ne. Zan ci abincin fada? Zan rusuna wa waziri? In 'yata ta auri arne, ta fita daga cikinmu ke nan? Sarkin nan abokin gaba ne ko majingina? Inda tsohon labari ya yi shiru a kan irin waɗannan, shirun yana damun mai karatu. Babu kuwa littafin da ya kai Esta shiru.

Esta ta Ibrananci: littafin da bai ambaci Allah ba

Labarin a taƙaice: sarki Ahasurus, wanda masana suka ce shi ne Zaksis na ɗaya da ya mulki Farisa daga 486 zuwa 465, ya tuɓe sarauniya Bashti, aka tara 'yan mata, ya zaɓi Esta, marainiyar da ta tashi a hannun ɗan'uwanta Mordekai. Ta ɓoye asalinta. Mordekai ya ƙi rusuna wa waziri Haman, Haman ya karɓo izinin hallaka Yahudawa a larduna 127, daga Indiya zuwa Kush. Esta ta sai da ranta ta shiga wurin sarki ba tare da an kira ta ba, reshe ya juye da mujiya, aka rataye Haman a gungumen da ya kafa wa Mordekai. Daga nan aka samo bikin Furim. Mai karatu Musulmi ya san sunan Hamana a ƙissar Fir'auna. Wannan na fadar Farisa ne, labarinsa daban.

Ayoyi 167 ne, kuma babu sunan Allah ko sau ɗaya. Babu addu'a. Akwai azumin kwana uku, amma ba a ce don wa aka yi shi ba. Babu zancen Attaura, babu haikali, babu halal da haram a abinci. Esta ta shiga gidan sarki marar kaciya, littafin bai ce uffan ba. Ba a faɗi dalilin Mordekai na ƙin rusunawa ba, har mutum yana iya zargin taurin kai ne ya jefa al'umma guda cikin hatsari. Inda aka fi kusantar ambaton Allah shi ne inda Mordekai ya ce wa Esta in ta yi shiru, taimako zai zo wa Yahudawa "daga wani wuri". A cikin naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947, an sami gutsattsarin kowane littafi na Ibrananci ban da Esta.

Abin da Esta ta faɗa da ta sami bakin Girkanci

A Girkanci an ƙara sassa shida, ayoyi 107, kuma an ambaci Allah fiye da sau hamsin. Ba a ƙarin kaɗai ba, har cikin tsofaffin ayoyin. Inda Ibrananci ya ce a daren nan barci ya ƙaurace wa sarki, Girkanci ya ce Ubangiji ne ya ɗauke masa barci. Inda aka ce Esta ta bi umarnin Mordekai, Girkanci ya bayyana umarnin: ta ji tsoron Allah ta kiyaye dokokinsa, kuma ba ta sake halinta ba.

Mordekai ya sami damar wanke kansa. A addu'arsa ya ce Allah ya sani ba girman kai ba ne, da don ceton Isra'ila ne da ya sumbaci tafin ƙafar Haman, amma ba zai ɗora darajar mutum sama da ta Allah ba.

Addu'ar Esta ita ce zuciyar al'amarin, kuma a ganina tana cikin mafi ratsa jiki a duk rubuce-rubucen wancan zamani. Ta tuɓe kayan sarauta, ta zuba toka da ƙazanta a kanta maimakon turare, ta ce ita kaɗai ce, ba ta da mataimaki sai Shi. Sannan ta amsa, ɗaya bayan ɗaya, duk tambayoyin da mai karatu mai kishin addini zai yi mata. Ta ce tana ƙyamar gadon marar kaciya. Ta ce kambin da ke kanta tana ƙyamarsa kamar ƙunzugu, ba ta sa shi ranar da take ita kaɗai. Ta ce ba ta ci a teburin Haman ba, ba ta sha ruwan inabin da aka zuba wa gumaka ba, kuma tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta yi farin ciki ba sai da Ubangiji. Matar da a Ibrananci ta saje da fada har ba a gane ta ba, a Girkanci ta zama fursuna mai kambi, jikinta a fada, zuciyarta a wani wuri.

Shigarta wurin sarki aya biyu ce a Ibrananci: ta tsaya, ya gan ta, ta sami tagomashi, ya miƙa mata sandan zinariya. A Girkanci sai aka shimfiɗa wurin. Ta zo tana dafe da kuyanga ɗaya, ɗaya na riƙe mata jelar riga, fuska a sake amma zuciya a daskare don tsoro. Ta ƙetare ƙofa bayan ƙofa. Sarki ya ɗago kai cikin zinariya da duwatsu masu daraja, ya dube ta da fushi, launinta ya sauya, ta yanke jiki ta faɗi a kan kuyangar. A nan ne aka ce Allah ya juya zuciyar sarki zuwa taushi. Ya zabura daga gadon sarauta ya rungume ta har ta farfaɗo, yana ce mata shi ɗan'uwanta ne, ba za ta mutu ba. Ta ce masa ta gan shi kamar mala'ikan Allah, ta sake suma.

Ni kam ina ganin an samu, an kuma rasa. An sami Esta mai magana, mai tsoro kamar kowa, wadda mace mai zaman dole za ta iya karanta addu'arta ta ji da ita ake. Amma jarumtar da Ibrananci ya ɗora a kan wayonta da ƙarfin halinta an mayar da ita ga sa hannun Allah kai tsaye. Shirun nan kuma, wanda ya yi kama da halin mutumin da ke cikin tsanani bai ga wata alama daga sama ba amma ya yi abin da ya wajaba, an cike shi.

Yadda Haman ya zama mutumin Makidoniya

Biyu daga cikin sassan shida wasiƙun sarki ne, kuma salonsu na ofis ne tsantsa, dogayen jimloli masu ƙawa irin na fadar Girkawa. Masana sun yi ittifaƙi cewa waɗannan da Girkanci aka rubuta su tun farko. Ta farko, wadda Haman ya sa aka rubuta, ta kira Yahudawa mutane masu ƙiyayya, waɗanda dokokinsu suka saɓa wa na kowace al'umma, masu hana daula zaman lafiya. Wannan shi ne zargin da marubutan Girka da Masar suke yi wa Yahudawa a lokacin, cewa ba sa cuɗanya da mutane. An ɗauko zargin maƙwabta aka sa shi a bakin mugu.

Wasiƙa ta biyu ta rushe ta farko. Sarki da kansa ya shaida cewa Yahudawa ba masu laifi ba ne, dokokinsu mafi adalci ne, 'ya'yan Allah Maɗaukaki ne wanda ya tsare wa Farisa mulkinta, kuma a bar su su rayu bisa dokokinsu. Wannan magana ta ƙarshe ita ce babbar buƙatar kowace al'ummar Yahudawa a biranen Girkawa. Sannan aka juya zargin baƙunta. A Ibrananci Haman Ba'agage ne, sunan da ke tuna tsohuwar gabar Isra'ila da Amalekawa, abin da Bagirke ba zai gane ba. A wasiƙar sai aka ce mutumin Makidoniya ne, ba shi da jinin Farisa, kuma nufinsa ya miƙa daular ga Makidoniyawa. Wato maci amanar sarki shi ne mai neman hallaka Yahudawa, su kuwa su ne amintattu. Ga wanda ya san Makidoniyawa ne suka kifar da Farisa, sunan ya zauna daram. Ga Bayahuden Urushalima da ya ga mulkin Antiyokus, ɗan gidan sarautar Makidoniyawa na Siriya, sunan yana da wani ɗaci na daban.

An kuma rage jini. Maƙiya 75,000 da Ibrananci ya ce an kashe a larduna sun koma 15,000 a Girkanci. Sai dai kada a ɗauka sassauci kawai aka yi. Littafin ya buɗe da mafarkin Mordekai, manyan macizai biyu suna shirin faɗa, dukan al'ummai sun yi ɗamara a kan al'umma mai adalci, sai ƙaramar maɓuɓɓuga ta zama babban kogi. Ya rufe da fassarar mafarkin: kogin Esta ce, macizan Mordekai ne da Haman, kuma Allah ya yi ƙuri'a biyu, ɗaya ta mutanensa, ɗaya ta sauran al'ummai duka. Rikicin fada tsakanin mutum biyu ya zama rikicin duniya. An sassauta wa sarki, an ƙara wa katanga tsawo.

Daniyel: waƙa a cikin tanderu, toka a ɗakin gunki

Asalin Daniyel rabi Ibrananci ne rabi Aramiyanci. A Girkanci yana da fassara biyu, Tsohuwar Girkanci da wadda ake dangantawa ga Tiyodoshan, kuma dukansu suna ɗauke da ƙari uku.

Na farko yana cikin sura 3. A asali an jefa Shadrak da Meshak da Abednego cikin tanderu, aya ta gaba sai ga sarki ya zabura yana mamaki. Girkanci ya shiga cikin wutar tare da su, ya ba mu addu'ar Azariya, wato Abednego, da waƙar yabo ta su ukun. A addu'ar ana kuka cewa an bashe su ga sarki mafi mugunta a duniya, kuma babu shugaba, babu annabi, babu hadaya, babu wurin miƙa ta, saboda haka a karɓi karyayyar zuciya a madadin raguna. Mai karatu na wancan zamani ba sai an gaya masa ba, domin a 167 kafin Miladiyya Antiyokus na huɗu ya ƙazantar da haikalin Urushalima, hadaya ta tsaya har 164.

Na biyu labarin Suzana ne, matar aure da dattawa biyu, alƙalan Yahudawa a Babila, suka nema ta ƙi, suka yi mata ƙazafin zina. Ana kan hanyar kai ta kisa yaro Daniyel ya tsayar da jama'a, ya raba shaidun, ya tambayi kowanne a gindin wace bishiya ya gan ta. Bakinsu ya saɓa. Abin lura a nan, babu baƙon sarki ko kaɗan. Azzaluman na cikin gida ne. Al'ummar da aka bari ta yi wa kanta shari'a a ƙasar wasu tana gargaɗin kanta game da manyanta.

Na uku, Bel da maciji, izgili ne ga gumaka. Sarki ya ce wa Daniyel ai Bel yana raye, tunda yana cinye abincin da ake ajiye masa kullum. Daniyel ya sa aka barbaɗa toka a daɓen haikalin, aka rufe ƙofa aka buga hatimi. Da safe tebur wayam, sarki ya fara yabon Bel, Daniyel ya riƙe shi ya ce dubi ƙasa. Ga sawun maza da mata da yara, firistoci 70 da iyalansu da ke shigowa ta ɓoyayyar ƙofa. Macijin da ake bauta wa kuma ya cusa masa dunƙulen ƙaro da kitse da gashi, ya fashe. Mutanen Babila suka tayar da tarzoma suna cewa sarki ya zama Bayahude.

Wannan zargi nasu ya nuna inda Tsohuwar Girkanci ta karkata. A sura 4 ta ɗaure haukan Nebukadnezzar da laifin da asalin bai ambata a wurin ba, wato rushe haikalin Urushalima, sannan ta tsawaita tubarsa. A sura 6 ta rage maƙiyan Daniyel zuwa mutum biyu, ta sa Dariyus ya ce zai bauta wa Allahn Daniyel duk kwanakinsa domin gumakan da hannu ya ƙera ba sa ceto. Baƙon sarki mutum ne da ake iya ganar da shi, matsalar fadawa ce. A 11:30 kuma, inda asalin ya ce jiragen Kittim za su zo, fassarar ta ce Romawa ƙarara. A 168 kafin Miladiyya ne jakadan Roma Fofiliyus ya tare Antiyokus a bayan garin Iskandariyya, ya zana da'ira a ƙasa kewaye da shi, ya ce ya ba da amsar janyewa daga Masar kafin ya fita daga cikinta. Mafassarin ya san abin da annabcin ke nufi, sai ya faɗa.

Duk bambanci ƙarin mafassari ne?

A'a, kuma a nan ne masu saurin yanke hukunci ke tuntuɓe. Irmiya na Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta sosai, an daɗe ana zargin mafassari ne ya datse, sai aka tono gutsuren Ibrananci a Kumran da ya dace da gajeren. Ashe littafin ne yake yawo da siga biyu. Masana da yawa suna ganin haka abin yake ga Daniyel 4 zuwa 6, kuma addu'o'in Esta da ta Azariya suna da ƙamshin Ibrananci ko Aramiyanci a ƙarƙashinsu. Suzana kuwa tun a ƙarni na 3 na Miladiyya masanin Kirista Juliyus Afirkanus ya rubuta wa takwaransa Orijen cewa wasan kalmomin da ke tsakanin sunayen bishiyoyin da hukuncin dattawan a Girkanci kawai yake aiki. Esta ma tana da siga ta biyu a Girkanci, gajeriya, da ta tsira a kwafe huɗu kacal.

Esta ta Girkanci tana da abin da sauran ba su da shi, wato sa hannu. A ƙarshenta an rubuta cewa a shekara ta huɗu ta mulkin Tolomi da Kiliyofatara, wani Dositiyus, da ya ce shi firist ne kuma Balawe, shi da ɗansa suka kawo wannan wasiƙar Furim, wato littafin, suka ce sahihiya ce, kuma Lisimakus ɗan Tolomi, mutumin Urushalima, ya fassara ta. Da yake Tolomi da Kiliyofatara sun yi yawa a gidan, ana lissafa shekarar a 114 ko 78 kafin Miladiyya. Ka ga ba a ɓoye aka yi ba, kuma daga Urushalima ta fito. A wurin tafsirin azumi muna jin alaramma ya ja baƙi, malam ya fassara ya faɗaɗa, kowa ya san inda wannan ya tsaya wancan ya fara. A wancan zamani, ga littattafan da ba su kai Attaura tsarki ba, bayanin yana shiga cikin jikin labarin ya zauna. Su ma sun san fassara ba ta zama daidai da asali. Jikan Ben Sira, marubucin wani littafin hikima na Ibrananci, da ya isa Masar a 132 kafin Miladiyya ya fassara littafin kakansa, ya roƙi afuwar masu karatu domin abin da aka faɗa da Ibrananci ba ya riƙe ƙarfinsa in an juya shi.

Inda coci-coci suka rabu

Kiristocin farko Girkanci suke karantawa, sai suka gaji littattafan da ƙarinsu. A Daniyel ma sun bar Tsohuwar Girkanci suka riƙe ta Tiyodoshan, har ta farkon ta kusa ɓacewa. Ɗaya daga cikin manyan shaidunta wani kundin fafirus ne, wato takardar dā ta Masar, mai lamba 967 da ya fito daga Masar a 1931. Da malamin coci Jerom ya fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci zuwa Latin, ya gama a wajen 405 Miladiyya, sai ya tsame sassa shida na Esta ya jera su a ƙarshe, mafarkin da ya kamata ya buɗe littafin ya koma sura 11. Martin Luta a 1534 ya ware su gaba ɗaya a sashen Afokirifa, wato rubuce-rubucen da ba sa cikin na Ibrananci, ya ce suna da amfanin karantawa amma ba daidai suke da Nassi ba. Majalisar Tirent ta Katolika a 1546 ta ce littattafan Nassi ne da dukan sassansu. A 1826 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta daina buga Afokirifa, kuma ita ce ta fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ya tsaya a kai. Furotesta sun ce ma'auni shi ne abin da Yahudawa suka riƙe da Ibrananci. Katolika da Otodoks sun ce ma'auni shi ne abin da cocin farko ta karɓa ta yi ibada da shi, kuma marubutan Sabon Alkawari sun sha ɗauko ayoyi daga Fassarar Saba'in. Istifanas a Ayyukan Manzanni 7:14 ya ce iyalin Yakubu mutum 75 ne, kamar Girkanci, inda Ibrananci ya ce 70.

Abin da mai karatu zai ci karo da shi

Ɗan Katolika yana jin addu'ar Esta a coci ranar Alhamis ta makon farko na azumin kwana arba'in, labarin Suzana kuma ranar Litinin ta mako na biyar. In ya gaya wa abokinsa na wata ɗariƙa ya duba, ba zai samu ba, kuma ba ƙarya ɗayansu ya yi ba. Lambobin ma suna rikitarwa: wani bugu ya kira addu'ar Esta sura 14, wani ya sa mata harafi a tsakanin sura 4 da 5. Daniyel 3:24 a na Katolika farkon addu'ar Azariya ce, a na Furotesta mamakin sarki ne.

Al'ummar da aka yi wa fassarar kuwa amincin sarakuna bai tsare ta ba. A shekara ta 38 Miladiyya, ƙarƙashin gwamnan Roma Filakus, aka far wa Yahudawan Iskandariyya, aka ƙuntata su a unguwa guda, aka ƙazantar da majami'unsu. Tawayen 115 zuwa 117, zamanin sarkin Roma Tarajan, ya kusa share su daga Masar. Malaman Yahudawa suka juya ga Ibrananci, kwafe rubutun Girkanci ya rage a hannun magatakardan Kirista. Har yau ranar 14 ga watan Adar na kalandar Yahudawa, ranar bikin Furim, Esta ta Ibrananci ake warwarewa a majami'a a karanta daga farko har ƙarshe, yara suna kaɗa abin ƙara duk inda aka ambaci Haman don kada a ji sunansa.